Goron da Aka Karɓe Mini a Kandi

Ƙarfe uku da kwata na yamma, ranar wata Lahadi, ina tsaye a tashar Lolo da akwatina tsakanin ƙafafuna, wayar Malam Isiya ta daina shiga. Kafin nan kaɗan ya ce mini yana ma hango ni, in tsaya inda nake. Na tsaya inda nake har aka kira la'asar, aka yi salla, aka watse.

Malam Isiya shi ne mutumin da ya zo Bagudo da hotunan wata makarantar kuɗi da ke Kandi, cikin ƙasar Benin, inda ake koyar da aikin gwaje-gwajen asibiti da Ingilishi. Na daɗe ina neman gurbi a gida ban samu ba. Ya zauna a rumfar Baba a kasuwa, ya ci goronmu, ya karɓi kuɗin ɗakin kwana da na rakiya, ya ce shi da kansa zai tsallakar da ni iyaka. Jarrabawar shiga ranar Asabar ce, sau ɗaya ake yin ta a shekara, kuma Baba ya taɓa jarinsa sosai saboda wannan Asabar ɗin.

Goro Baba yake sayarwa. Tun ina ƙarama ni ce mai buɗe huhu da safe, in tsince wanda ya fara lalacewa, in yayyafa wa sauran ruwa, in mayar da ganyen fita in rufe. Wanda ya fashe ba ya sayuwa, namu ne. Haka na taso da ɓarin goro a kumatu, musamman in ina karatu, ga shayin da ake dafawa a rumfa safe da yamma. Ban taɓa ɗaukar goro a matsayin wani abu ba, kamar yadda mutum ba ya lissafa ruwan da ya sha. Baba ya ƙulla mini goro daushe mai kyau a cikin ganye. Inna kuwa gargaɗi ta ƙulla mini.

"Saratu, kak ki ci goron kowa can. Kuma ɓarin da kinka ciza, kak ki bari shi shiga hannun wani. Da shi aka yi ma mutum aiki."

A Lolo wata mata mai jiki, da buhunan albasa a gabanta, ta daɗe tana kallona. Daga baya na ji ana kiranta Hajiya Kulu, daga Dole Kaina ta tsallako da kwalekwale.

"Ke ɗiyar wa ta, kina tsaye kamar an dasa ki?"

"Wani nake jira, Hajiya."

"Na makaranta ko? Duk shekara sai na ga irinku nan. Wanda kike jira ya ci tuwo nai ya kwanta. Ɗauko akwatinki."

Abin da ya fara zuwa raina shi ne, yaya aka yi ta sani? Na ce ko bakinsu ɗaya da Malam Isiya. Amma rana tana sauka, kuma komawa Bagudo a ranar da na fito, ban san da wace fuska zan shiga rumfar Baba ba. Na bi ta. Ita ta yi magana da masu kaki na wannan gefe da na wancan gefe, da Hausa, da Dendanci, yaren mutanen bakin iyakar, da dariya. Ni dai na miƙa takarduna na sunkuyar da kai. Mai canjin kuɗi ya cuce ni a gabanta ba ta lura ba, ko ta lura, har yau ban sani ba.

A cikin mota ta ɓare goro ta miƙo mini. Na ce na gode, na ciro nawa.

"An yi miki huɗuba gida ke nan," in ji ta. "To ci naki, ɗiyar boko. Nau bai da komi sai ɗaci."

A garin Malanbil, cikin Benin, na kwana, a gidan ƙanwarta, da jakata a ƙarƙashin kaina. Da safe ta raka ni na sayi layin waya na ƙasar, ta damƙa ni ga wani direba mai zuwa Kandi, ta ce in makaranta ba ta da masauki ya kai ni gidan Madam Bona, mai ba ɗalibai haya. Ta saya mini ƙosai ta cusa a hannuna. Ban ci ba. Ban kuma karɓi lambarta ba.

Makarantar gaskiya ce, wannan ya ba ni mamaki. Sunana yana cikin masu jarrabawa. Ɗakin kwana ne ba su taɓa ginawa ba, kuma babu wanda ya san wani Malam Isiya. Direban ya sauke ni a ƙofar wani gida mai shuɗin ƙyaure, da bishiyar mangwaro a tsakar gida.

Madam Bona doguwar mace ce, ƴar ƙabilar Bariba, mai babbar murya. Hausarta ba ta wuce zo, ci, ruwa da sannu ba. Dendancina bai wuce gaisuwa ba, Faransanci kuwa ko gaisuwar ban iya ba. Sauran ɗalibanta ba su dawo daga hutu ba, gidan daga ita sai mijinta sai ni. Ta nuna mini ɗaki, ta tsaya a kaina ina fito da kaya. Da na ciro ƙullin goro sai fuskarta ta sauya. Ta ɗauka ta buɗe. Ɓarin da na ciza a mota yana sama, da shatin haƙorana a jikinsa.

Ta yi magana mai tsawo da Dendanci, da ta ga ban gane ba ta koma Faransanci. Ta nuna goron, ta nuna wani ɗaki mai koren labule, ta ɗora yatsa a kanta, ta karkaɗa hannu. Sannan ta nuna ƙofar waje. Ta tsaya tana jiran amsa. Ni kuwa duk babban da ya yi mini magana ya tsaya, amsa ɗaya nake da ita. Na ce, "To." Ta naɗe ganyen ta fita da shi.

Na zauna a bakin katifa ina jin muryar Inna. Sau da yawa na tashi zan bi ta, in kai bakin ƙofa in dawo.

Washegari, Talata, kafin hantsi kaina ya fara. Ban taɓa jin irinsa ba. Kamar an ɗaura mini igiyar guga a goshi ana ja, a bayan idanuna kuma wani abu yana bugawa daidai da bugun zuciyata. Sai barci. Ni da nake karatu tun daga asuba ba na ko hamma, sai ga ni na farka da kumatuna a kan littafi, rana ta yi tsaka. In karanta layi ɗaya, in kai ƙarshensa, farkon ya ɓace. Zuciyata tana tashi. Na yi kuka a kan biredin da ya faɗi ƙasa.

Ban tsaya ga zargi nan take ba, sai da na bi abin ɗaya bayan ɗaya. Na zo da ma'aunin zafin jiki, na auna safe da yamma, babu zazzaɓi. Na sunkuyar da haɓata har ƙirji, wuyana bai sanƙare ba, ba sanƙarau ba ne. Ranar Laraba na lallaba kantin magani, na nuna yatsana, aka gwada jinina, babu zazzaɓin cizon sauro. Farasitamol ya ɗan sassauta ciwon, ya sake dawowa. Na daina cin abincin Madam, sai biredi da ruwan leda. Takan ajiye mini kwano a bakin ƙofa ta ce, "Ci," in bar shi har ya huce ta ɗauke. Shayin gidan ma ba shayi ba ne, wata ciyawa ce mai ƙamshin lemo take dafawa. Akwai mai shayi a bakin titi, amma maza ne zagaye da teburinsa, ban iya tsayawa ba. Na wuce wata mai faifan goro a mararraba, bakina ya tara yawu, na tuna maganar Inna na ƙara sauri.

Duk abin da na cire daga lissafi, sai abu ɗaya, gargaɗin Inna, ya ƙara girma. Na fara sa ido a gidan.

Kowace safiya Madam tana ɗaukar ruwa a kofi ta shiga ɗan ɗakin ajiyarta, ta sakaya ƙofa. Na leƙa ta tsagar ƙyaure. Ta sauko da wata tukunya daga sama, ta buɗe, na ga ganyen fita. Ta tsoma yatsu a ruwa tana yarfawa a ciki, bakinta yana motsi, tana wani gunguni ƙasa-ƙasa. Ta rufe, ta kulle ɗakin, ta rataya mabuɗin a wuya. Daga nan ta ɗauki ƴar kujera ta fita da ita waje, ta ajiye a gindin katanga kusa da ƙofar gida, ta dawo. Babu mai zama a kanta. Da magariba ta shigo da ita.

Ɗakin mai koren labule na mijinta ne, Baba Woru, tsohon direban babbar mota, mai tabo a saman kunne da wani na ƙuna a hannu. Ba ya fita daga gidan. Ranar Laraba da yamma ina alwala ya matso kusa da ni yana murmushi, ya miƙo tafin hannu, ya yi raɗa.

"Yarinya. Goro. Goro."

Madam ta daka masa tsawa daga madafa. Ya ja da baya yana dariya kamar wanda aka kama da hannu a tukunya. Na ce ashe shi ma ya san da zancen gorona.

Ranar Alhamis da hantsi ina zaune a ƙofar ɗakina, na riƙe kai, Baba Woru ya taso daga ƙarƙashin mangwaro ya yi wani sauti, ya faɗi. Jikinsa ya sanƙare, sannan ya fara fizga. Madam ta zo da sauri amma ba a ruɗe ba. Ta janye benci, ta tura zani ƙarƙashin kansa, ta duba agogon wayarta, da fizgar ta lafa ta juya shi gefe. Can ya buɗe ido bai san kowa ba, sai barci ya ɗauke shi. Barci mai nauyi, baki a sake, har bayan azahar.

Barcin nan na tsaya kallo. Na gane shi, irin wanda yake danne ni ne tun Talata. Na tuna ta nuna goro, ta nuna ɗakinsa, ta nuna kai. A garinmu ana cewa akwai masu sauke ciwon gidansu a kan baƙo, in sun samu abin da ya taɓa yawunsa. Na san farfaɗiya ba a ɗaukarta, ba a kuma aika ta, na taɓa amsa wannan tambayar daidai a jarrabawa. Amma ranar da na amsa ta kaina ba ya ciwo, kuma ina gida.

Na kira Inna. Ban gama ba ta katse ni.

"Mi nac ce miki? Gobe-goben nan ki taho gida. Boko ba shi kai ga rai ba."

Baba ya karɓi wayar. Ina jin hayaniyar kasuwa a bayansa, wani yana tayin goro.

"Saratu, ke ag gun. Abin da kinka gani, shi za ki yi."

Bai ambaci jarinsa ba. Da ya ambata da ya fi mini sauƙi.

Ranar Juma'a da safe na haɗa kayana. Jarrabawa gobe, ni kuwa tashar motar Malanbil na nufa. Na fito da akwati sai na tarar da Madam a ƙofar gida ta yi shiri, Baba Woru yana sanye da wankakkiyar riga, ga ƴan kabu-kabu suna jira. Ta dubi akwatin, ta dube ni. Ta ɗora bayan hannunta a goshina, na kauce.

"Likita," ta ce. "Zo."

Kafin in yi magana ta ɗauki akwatina ta ɗora a gaban babur. Ban iya ihu ba, ban taɓa iyawa ba. Na hau ina karanta duk addu'ar da na sani, ina riƙe kowace kwanar hanya a kaina ko da gudu zai kama ni.

Asibiti muka je, na gaske, da ma'aikata da warin maganin wanke ƙasa. A baranda akwai layin mutane: wata Bafillatana da budurwar ƴarta, wani mutum da rigar ofis, wata mai goyo. Na fahimci rana ce ta masu farfaɗiya, likitar tana zuwa daga birnin Paraku lokaci-lokaci. Zama a layin ya ƙara mini tsoro. Na ce ga shi har an kawo ni cikinsu.

Dokta Salamatu ƙaramar mace ce mai tabarau. Ta gama da Baba Woru, Madam ta turo ni gaba tana bayani da hannu biyu. Likitar ta dube ni ta ce, da Hausar zango mai wani irin lanƙwasa, "Ƴar Nijeriya, an ce kin ƙi abinci kin ƙi magana. Zauna." Rabona da jin cikakkiyar Hausa ido da ido tun Malanbil.

Ta auna jinina, ta haska idanuna, ta lanƙwasa wuyana, ta sa na bi yatsanta da kallo. Ta tambayi yaushe ya fara, ina yake bugawa, ko na taɓa faɗuwa. Na ba ta amsa a jere, har da gwajin da na yi. Ta ce, "Kin rage mini aiki." Sannan ta ce in buɗe baki.

"Goro nawa kike ci a rana?"

"Ban taɓa ƙirgawa ba. Babana ne mai sayarwa."

"Shayi fa?"

"Safe da yamma."

"Yaushe rabonki da su?"

"Litinin."

"Ciwon kuma Talata." Ta cire tabarau ta ajiye. "Me kika zo karantawa?"

Na gaya mata. Ta ce to bari ta ba ni darasin farko kyauta.

Yanzu ina shekarar ƙarshe a makarantar nan, na karanta abin a littattafai da sunayensa masu tsawo, amma yadda ta faɗa shi ne ya zauna mini. Ta ce ƙwaƙwalwa tana ƙona makamashi muddin mutum yana farke, kuma kamar murhu, tana tara toka. Wani sinadari ne, sunansa adenosin. Yana taruwa tun safe, yana da kujerunsa a jikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, in ya zauna sai ya ce musu su sassauta. Shi ne nauyin idon da ake ji in an daɗe ba a kwanta ba, barci kuma shi ke share shi. A cikin goro da shayi da kofi akwai kafeyin, wanda ƙirarsa ta yi kama da ta adenosin. Sai ya riga shi zama a kujerar, amma ba ya isar da saƙon.

"Shekara da shekaru kina tare masa wuri," in ji ta. "Ƙwaƙwalwa ta ga saƙo ba ya isowa, sai ta ƙara kujeru. Ranar Litinin aka kwashe baƙin gaba ɗaya. Ya shigo ya tarar da wuri ko'ina, ya zauna. Ga barcinki. Shi ne kuma yake buɗa jijiyoyin jini na kai, ga bugawar da kike ji. Ko ba a yi komai ba, nan da ƴan kwanaki zai wuce."

Bayanin ya shiga, amma akwai abin da bai taɓa ba. Na dubi Baba Woru da ke zaune a gefe yana wasa da hularsa.

"Barcina irin nasa ne," na ce a hankali. "Na gani jiya."

Ta dube ni da kyau. Ina jin ta gane abin da nake nufi, don ba ta yi dariya ba.

"Kin lura daidai. In farfaɗiya ta tashi, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ne suke harbawa gaba ɗaya babu tsari. A lokacin adenosin yakan kwararo da yawa, yana cikin birkin da ke tsayar da abin, kuma yana da hannu a barcin da ke biyo baya. Ɗan aike ɗaya ne ya zo muku, amma ba aike ɗaya ba. Shi ciwonsa daga haɗarin mota ya samo shi, ga tabon nan. Ke ba ki da shi, ba kuma mai iya ba ki."

Ta ce goro ba ya haifar da farfaɗiya, kuma ba kowane mai ita take hana wa ba. Amma Baba Woru tsohon direba ne, in ya samu goro ba ya tsayawa, sai ya ci ya hana kansa barci, ga kuma birkin an tare masa wuri. Sun lura duk sanda ya yi haka ciwon yakan matso. Ita likitar ce ta ce a fitar da goro da kofi daga gidan. Yakan shiga ɗakin ƴan haya ya lalube kayansu. Na ƙarshe da ya samu, kusa da murhu ya faɗi. Ta nuna tabon ƙunar da ke hannunsa. Baba Woru ya ji ana zancensa, ya ɗaga hannun yana murmushi, ya ce, "Goro," kamar mai kiran sunan tsohuwar budurwa.

"Ki ci ɗan ɓari yau, ki ci gobe kafin jarrabawa," in ji likitar. "Bayan nan ki riƙa ragewa sannu-sannu. Amma ba a gabansa ba."

Ta ja takardar mai bi mini. Madam ta miƙe tana gyara ɗaurin zani. Akwatina yana bakin ƙofa, kuma har lokacin ban san ina zan ce wa ɗan kabu-kabu ya nufa da shi ba. Abu ɗaya ya rage, kuma na san in ban tambaya a ɗakin nan ba, babu inda zan sake samun mai fassara. Muryata ta fito ƙasa-ƙasa.

"Dokta, kullum da safe tana shiga ɗaki da gorona. Tana zuba masa ruwa tana magana a kansa. Akwai wanda na ciza a ciki."

Dokta Salamatu ta ajiye takardar. Ta juya ga Madam ta yi tambayar da Dendanci. Madam ta saurara, ta dube ni, ta daɗe tana dubana, babbar muryar nan tata ta yi ƙasa. Ta yi magana tana taɓa mabuɗin da ke wuyanta. Da ta gama, likitar ta mayar da tabaranta.

"Ta ce waƙa take yi, ita ko shara take sai ta yi waƙa. Ruwa kuwa, ta ce goro ne, in ba a yayyafa masa ba bushewa zai yi, ta zaci ke kin fi ta sani. Ta ce tun ranar Litinin ta gaya miki, duk sanda kike so ki zo ki karɓa ki ci a ƙofar gida, kika ce to. Kujerar da take fitarwa kullum taki ce. Wanda kika ciza kuma ta naɗe shi daban a ganyensa, don kada ki ce wani ya taɓa miki."